Taurarin eksire masu dusasshen haske: yadda ake auna su da inda lissafi ke kuɓucewa

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Kashere, idan ya so yin aikin binciken shekarar ƙarshe a kan taurari, abin da ke fara karya masa gwiwa shi ne rashin madubin hangen nesa. A fannin hasken eksire wannan damuwa ba ta taso ba. Hasken nan, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, ba ya ratso iskar da ta lulluɓe duniya, don haka babu mai ganinsa daga ƙasa, ko a Amurka yake ko a Yelwa. Da roka tawagar Riccardo Giacconi ta gano Sco X-1, tauraron eksire na farko da aka gani bayan rana, a 1962, kuma Uhuru, tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki, daga gaɓar tekun Kenya ya tashi ranar 12 ga Disamba 1970. Har gobe kowa daga rumbu ɗaya yake ɗiba, wato bayanan da taurarin ɗan'adam suka aiko, kuma akasarinsu a buɗe suke kyauta.

Rukunin da nake ganin ya fi dacewa da ku, ƙannena, shi ne na taurarin da ke kunnuwa na 'yan kwanaki ko makonni, su yi tsit na shekaru, kuma ko a ranar da suka fi haske bai taka kara ya karya ba. Suna da muhimmanci, amma suna da tarko: dusashewar ba abu ba ne da ake gani a hoto, sakamakon lissafi ne, kuma lissafin yana da ƙofofi da yawa da kuskure ke shigowa.

Kowane ɗaya daga cikinsu tsarin taurari biyu ne masu zagaya juna. Ɗaya ƙaramin tauraro ne wanda bai kai rana nauyi ba. Ɗayan gawar babban tauraro ne da ya ƙare rayuwarsa, ko tauraron niyutron ko baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓucewa daga jansa. Tauraron niyutron nauyinsa ya kai na rana sau 1.4, amma faɗinsa kilomita 20 zuwa 24 ne kacal, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tafiyar Bauchi zuwa Gombe. Idan suka matso juna sosai, gas na ƙaramin yakan kwararo wajen gawar. Da yake gas ɗin yana zuwa da juyi, ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi faifai yana kewayawa, gogayya tana rage masa juyin yana matsawa ciki sannu a hankali, har zafinsa ya kai digiri miliyoyi ya fara fidda eksire.

Lambar da ya kamata ta zauna a kai ita ce wannan: giram ɗaya da ya faɗa kan tauraron niyutron mai nauyin 1.4 da rabin faɗi kilomita 10 yana sakin makamashi GM/R (M nauyin tauraron, R rabin faɗinsa, G lambar jan nauyi), wato 1.86×10²⁰ erg, erg kuwa ma'aunin makamashi ne. Wannan kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mc². Ƙonewar haidirojin a cikin rana kashi 0.7 cikin ɗari take bayarwa. Baƙin rami marar juyi yana bayar da kashi 5.7, mai juyi sosai ya doshi 40. Sannan akwai rufi, wanda ake kira iyakar Eddington: ga tauraron niyutron ɗinmu kusan 1.8×10³⁸ erg a daƙiƙa ne, inda hasken da kansa ke fara ture gas ɗin da ke zubowa.

A 2006 Rudy Wijnands na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa suka kasa masu kunnuwa su mutu gida uku bisa ƙololuwar haskensu tsakanin 2 da 10 keV, ma'aunin makamashin hasken eksire. Masu haske daga 10³⁷ zuwa 10³⁹ erg a daƙiƙa, masu rauni daga 10³⁶ zuwa 10³⁷, masu tsananin rauni daga 10³⁴ zuwa 10³⁶. Na ƙarshen su ne namu. Kada kalmar rauni ta ruɗe ka, gaba ɗaya hasken rana 3.8×10³³ ne, saboda haka mai 10³⁵ ya ninka rana fiye da sau ashirin, a eksire kaɗai. Raba 10³⁵ da 1.86×10²⁰, za ka samu giram 5.4×10¹⁴ a daƙiƙa, tan miliyan 540 ke nan, ko kuma 8.5×10⁻¹² na nauyin rana a shekara.

Me ya sa aka daɗe ba a san su ba? Ɗauki L = 4πd²F, inda L shi ne ainihin hasken tauraro, d nisansa, F kuma hasken da ke iso mu. Tsakiyar galaksinmu tana nisan kilofasek 8 da ɗan ɗori (kilofasek ɗaya tafiyar haske ce ta kusan shekara 3,260), kuma a kilofasek 8, 4πd² ya zama 7.7×10⁴⁵ cm². Na'urorin da ke share sararin sama baki ɗaya, kamar wadda ke kan tauraron ɗan'adam RXTE a da ko MAXI da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009, da kyar suke kama abin da bai kai miliKrab 10 ba a kallon yini guda. MiliKrab ma'aunin hasken eksiren da ke iso mu ne, kuma miliKrab 10 kusan 2×10⁻¹⁰ erg/cm²/s ne, wanda a wancan nisa ya zama 1.5×10³⁶. Ka ga ke nan duk rukuninmu yana ƙarƙashin abin da suke iya gani. Sai da aka samu madubai masu tattara haske, Chandra da XMM-Newton a 1999, Swift a Nuwamba 2004, sannan suka fara fitowa da yawa. Daga 2006 Swift ya riƙa duban tsakiyar galaksi kusan kullum na kimanin daƙiƙa 1,000, aikin da Nathalie Degenaar ta daɗe tana bibiya, kuma wannan taska ita ce mafarin da zan ba kowane ɗalibi.

Dalilin kunnuwa da mutuwa yana cikin faifan. Idan gas ɗin ya yi sanyi, ƙasa da digiri 6,000 ko makamancin haka, haidirojin yana riƙe da ilektron ɗinsa, gogayya kaɗan ce, sai abin da ke zubowa ya yi ta taruwa a gefen waje. Da kauri ya kai wani mataki, zafi ya haura inda haidirojin ke sakin ilektron, gas ya daina barin zafi ya fita, gogayya ta ninka, sai faifan ya zazzage abin da ya tara zuwa ciki cikin makonni. Hasken eksiren da ya tashi yana komawa ya gasa gefen faifan, ya hana shi saurin hucewa. Andrew King da Hans Ritter sun nuna a 1998 cewa idan gashin ya mamaye faifan duka, haske yana raguwa da kaso iri ɗaya a kowane tsawon lokaci, idan kuma gefen ya fara hucewa sai raguwar ta miƙe sambal har ƙasa. Wurin da lanƙwasar ta canza yana gaya maka girman faifan. Craig Heinke da abokansa sun yi amfani da wannan a 2015 kan wasu daga cikin dusassun nan, suka samu alamar ƙananan faifai.

Nan ne maganar ta yi daɗi, domin hanyoyin da ke kai tauraro ga dusashewa ba ɗaya ba ne, kuma ba su da alaƙa da juna.

Na farko, faifan ne ƙarami. Idan taurarin biyu suna gama zagaye cikin ƙasa da minti 80, abokin zaman ba zai zama tauraro na yau da kullum ba, sai dai ragowar tauraro mai hiliyom ko kabon da oksijin. Ƙaramin fili, ƙaramin faifai, ƙaramar ajiya, gajeren tashi. Haka kuma tsohon tsari wanda aka cinye abokin zaman har ya rage kashi kaɗan cikin ɗari na nauyin rana. SAX J1808.4−3658 misali ne na kusa da wannan: zagayensa awa 2 ne, abokinsa kusan 0.05 na nauyin rana, ƙololuwarsa 'yan 10³⁶, kuma a kansa ne Wijnands da Michiel van der Klis suka gano bugun juyi sau 401 a daƙiƙa a 1998.

Na biyu, kuma shi na fi so ɗalibi ya lissafa da hannunsa, shi ne maganaɗisu. Tauraron niyutron yana da filin maganaɗisu mai tare gas a wani nisa, kuma wannan nisan yana ƙaruwa idan zubin ya ragu, bisa Ṁ, wato yawan zubin, a ƙarfin −2/7. Akwai nisa na biyu, inda gudun kewayawar gas ya yi daidai da juyin tauraron, wato tushe na uku na GM/(2πν)², inda ν shi ne yawan juyin tauraron a daƙiƙa. Ga mai juyi 401, wannan kilomita 31 ne. Da fili mai ƙarfin maganaɗisu gaus 10⁸ da haske 10³⁷, shingen maganaɗisu yana kusan kilomita 10 zuwa 19, cikin da'irar ke nan, gas yana sauka lafiya. Rage hasken zuwa 10³⁵, shingen ya koma kilomita 35 zuwa 70, ya fita waje. A nan filin yana juyawa fiye da gas ɗin, sai ya riƙa watsa shi maimakon karɓa. Illarionov da Sunyaev ne suka bayyana wannan a 1975. Abin lura shi ne sauyin yana faruwa daidai cikin matakin hasken rukuninmu. PSR J1023+0038, mai nisan kilofasek 1.37, tun 2013 yana zaune da faifai a 10³³ zuwa 10³⁴, yana tsalle tsakanin mataki na sama da na ƙasa cikin daƙiƙu, kuma shi ne wurin da aka fi ganin wannan kokawa a fili.

Na uku ba dusashewa ba ne ko kaɗan, kusurwar kallo ce. CXOGC J174540.0−290031, wanda Michael Muno da abokansa suka bayyana a 2005 dab da babban baƙin ramin tsakiyar galaksi, an gan shi a kusan 10³⁵, amma yana husufi kowace awa 7.9. Muna kallonsa ta gefe, bakin faifan ya kare tsakiyar, abin da ke iso mu hasken da ya warwatsu ne. Ainihinsa ya haura 10³⁶. Duk wanda ya ga husufi ko yawan nitsewar haske a bayanansa, ya dakata da kiran abin dusasshe.

Na huɗu kuma nisa ne. Swift J1357.2−0933, baƙin ramin da ya bayyana a Janairu 2011 da zagayen awa 2.8, an fara sa shi a kilofasek 1.5, aka samu kusan 10³⁵. Bincike na baya ya tura shi nesa, har wasu suka kai shi sama da kilofasek 6. Nisa ya ninka sau 4, haske ya ninka sau 16, ya fice daga rukunin. Shi ya sa ba na yarda da kowace lamba ta haske da aka rubuta ba tare da nisan da aka ɗauka a gefenta ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: tauraron niyutron ne ko baƙin rami? Hujjoji biyu ne ba su da gardama. Bugun juyi, da fashewar nukiliya. Gas ɗin da ya taru a doron tauraron niyutron yana matsuwa har ya kama da wuta, haske ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya zuwa goma, zafinsa ya kai 2 zuwa 3 keV, sannan ya huce cikin daƙiƙu goma zuwa ɗari. Baƙin rami ba shi da doron da abu zai taru a kai. Idan zubin ya yi ƙasa sosai, hiliyom yana samun lokacin yin kauri kafin ya kama, sai fashewar ta ɗauki mintuna da yawa. Da irin wannan aka tabbatar da XMM J174457−2850.3 a 2012, kuma tun kafin nan BeppoSAX, na Italiya da Holan, ya kama taurarin da fashewarsu kaɗai ake gani. Fashewa mai ƙarfi har nisa take bayarwa: idan ta kai iyakar Eddington ta ɗaga saman tauraron, ƙololuwarta kusan 3.8×10³⁸ ce bisa awon Erik Kuulkers na 2003, sai ka juya L = 4πd²F ka ciro d. Amma rashin ganin fashewa ba hujja ba ne. Kallon daƙiƙa 1,000 a yini kashi ɗaya ne cikin 86 na lokacin, kuma a ƙaramin zubi ana iya yin watanni tsakanin fashewa biyu.

Sauran alamu ne kawai. Idan aka daidaita bakan hasken 0.5 zuwa 10 keV da dokar ƙarfi ɗaya, lambar Γ, wadda ke ƙaruwa idan hasken ya yi laushi, ta taurarin niyutron tana hawa daga kusan 1.8 a 10³⁶ zuwa kusan 3 a 10³⁴, ta baƙaƙen ramuka kuma tana tashi daga kusan 1.5 ta tsaya wajen 2. Dalilin a bayyane yake: a ƙaramin zubi, cikin faifan yana zama siririn gas mai zafi wanda ba ya iya fidda makamashinsa, kamar yadda Narayan da Yi suka tsara a 1994. Baƙin rami yana haɗiye wannan makamashin ya tafi da shi. A tauraron niyutron dole ya daki doro, ya fito a matsayin haske mai laushi. A lokacin kwanciya ma bambancin yana nan, taurarin niyutron sukan zauna a 10³² zuwa 10³³, baƙaƙen ramuka masu gajeren zagaye a 10³⁰ zuwa 10³¹. A rediyo kuwa baƙin rami ya fi ƙara sau goma ko ashirin a mataki ɗaya na eksire, kuma MeerKAT, mai faranti 64 a Afirka ta Kudu, yana cikin na'urorin da ake wannan awo da su.

Yanzu aikin kansa. Kwamfuta mai Linux da ram gigabait 8 ta isa. Manhajar HEASoft daga rumbun HEASARC na NASA take, tana cin data, don haka mutum ɗaya ya sauke a raba wa sauran a filashi, kuma kada a fara girka ta sai batir a cike, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko. Wanda bai shirya wannan ba ya fara da shafin cibiyar bayanan Swift da ke Jami'ar Leicester a Ingila, inda za ka sa suna ko wurin tauraro, kwamfutocinsu su haɗa maka lanƙwasar haske da baka. Yana da kyau don dubawa, amma wanda zai kare aikinsa gaban malamai ya yi aƙalla kallo ɗaya da hannunsa: xrtpipeline ya tace, xselect ya ciro fotonin, wato ƙwayoyin hasken, da ke cikin da'ira mai rabin faɗi fiksel 20, wato sakan 47 na kusurwa, a ciro na bango daga wurin da babu tauraro, xrtmkarf ya haɗa fayil ɗin amsawar na'ura, sannan a shiga XSPEC, manhajar daidaita baka, da tbabs*powerlaw.

Kuskuren farko a xrtmkarf yake. A Mayu 2005 wata ƙaramar tsakuwa ta daki kyamarar Swift ta lalata wasu layukan fiksel. Idan tauraronka ya faɗa kansu ba ka ba manhajar taswirar lokacin kallo ba, za ka rasa kaso mai yawa na fotoni, ka ga haske yana hawa da sauka alhali layin ne ke motsi a ƙarƙashinsa daga kallo zuwa kallo.

Na biyu, cunkoson fotoni. A yanayin ƙirga, kyamarar tana karantawa duk daƙiƙa 2.5. Da ƙirga ta wuce kusan 0.5 a daƙiƙa, fotoni biyu sukan faɗa wuri ɗaya a karanta su a matsayin ɗaya mai ƙarfi. Ƙirga ta ragu, baka ya taurare, Γ ya sauka, tauraron niyutron ya koma kama da baƙin rami a takardarka. Maganin shi ne zobe maimakon da'ira: a cire tsakiyar fiksel kaɗan, ana faɗaɗa ramin har Γ ya daina canzawa.

Na uku shi ne babba, ƙura da gas ɗin da ke tsakaninmu da tauraron. Wajen tsakiyar galaksi N_H, ma'aunin yawan wannan gas ɗin, yana kai 10²³ cm⁻², abin da ke ƙasa da 2 keV kusan duk ya tafi. Da fotoni kaɗan, N_H da Γ suna jan juna: ka ɗaga ɗaya, ɗayan ya biyo, manhajar ta ce duka sun dace. Idan Chandra ko XMM-Newton sun taɓa auna N_H na tauraron, ɗauko shi ka kafe. Rubuta abund wilm kafin ka fara, kuma ka faɗi haka a rahotonka, domin canza jadawalin sinadarai kaɗai yana motsa N_H da kaso mai yawa. Ciro hasken da aka gyara wa shanyewa da cflux, a 2 zuwa 10 keV don rarrabawa. Kuma kada a ɗauki 4×10⁻¹¹ erg/cm²/s a kan kowace ƙirga ɗaya a daƙiƙa, lambar da ake yawan gani wajen juya ƙirga zuwa haske, a ɗora wa tsakiyar galaksi. Ta taurarin da ƙura ba ta rufe ba ce. Shiga WebPIMMS, shafin juya ƙirga zuwa haske, da N_H ɗinka, za ka ga ta ninka.

Fotoni 40 ba a yi musu chi-square. A haɗa su aƙalla ɗaya a kowane gurbi a yi amfani da cstat, lissafin da aka yi don ƙirga kaɗan. Idan ba a ga komai ba, ba a rubuta sifili, iyaka ake bayarwa: ƙirga sifili tana nufin ƙasa da 3.0 a tabbacin kashi 95, bisa jadawalin Neil Gehrels na 1986, mutumin da Swift ke ɗauke da sunansa tun 2018.

Sannan 'yan sojan gona. Tauraro na kusa mai walƙiya bakansa laushi ne, N_H ɗinsa kaɗan, kuma za ka same shi a jadawalin Gaia, tauraron ɗan'adam da ya auna nisan taurari, da nisansa. Farin wada, wato gawar tauraro irin rana, mai maganaɗisu yana kai 10³³ zuwa 10³⁴ da layin ƙarfe a 6.7 keV. Maƙwabci mai haske kamar AX J1745.6−2901 yana malalo fotoni cikin da'irarka, tunda rabin hasken kowane tauraro a Swift yana bazuwa cikin sakan 18. A Afrilu 2013 an fara zaton babban baƙin ramin tsakiya ne ya yi walƙiya, sai madubin eksire NuSTAR ya ji bugu duk daƙiƙa 3.76, aka gane SGR J1745−2900 ne, tauraron niyutron mai tsananin maganaɗisu, sakan 2.4 daga tsakiyar. Neman abokin zama da hasken ido ba zai yiwu a can ba, ƙura tana rage shi da ma'auni 30, sau tiriliyan ɗaya ke nan, sai dai infirared, kuma a infirared taurari da dama ne za su cika da'irar Swift, dole a jira wurin da Chandra zai bayar.

Lissafi na ƙarshe shi ne matsakaicin zubi na dogon lokaci, kuma shi ne masu nazarin rayuwar taurari ke jira. A ce tauraro ya yi wata ɗaya a 10³⁵ duk shekara biyar. Ninka da kusan 3 don hasken da ke wajen 2 zuwa 10 keV, ka samu 2.6×10⁻¹¹ na nauyin rana a shekara, raba da 60, watannin shekara biyar, ya zama 4×10⁻¹³. King da Wijnands sun nuna a 2006 cewa lambobin da suka gangara wajen 10⁻¹³ suna da wuyar samuwa ta hanyar tsufan taurari da aka saba, sai da abokin zama wanda tun asali ƙarami ne ƙwarai ko marar haidirojin. Amma 60 ɗin nan ita ce mai rauni. Tsakiyar galaksi da muke gani ta kudu, digiri 50 sama da ƙasa a daren Yuli da Agusta idan hadari ya ba da dama, rana tana wucewa dab da ita a Disamba, kuma Swift ba ya dubanta daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Tashin wata ɗaya zai iya zuwa ya wuce cikin wannan giɓi. Saboda haka a lissafa iyaka biyu, ɗaya da zaton babu abin da ya faru a giɓin, ɗaya da zaton an yi tashi irin wanda aka saba a kowane giɓi, a rubuta duka biyun tare da nisa, N_H da zangon keV da aka yi amfani da su.